Jibnar da Na Gasa wa Kawu a Jarwal

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Jarwal a Makka ni da mahaifiyata, ina da shekara ashirin da ɗaya ko da biyu, kuma a ganina duk unguwar babu wanda ya kai ni sanin daidai. Dalili kuwa, na yi makarantar 'yan mata a Sudan har na taɓa sakandare. Ni ke karanta wa tsofaffi wasiƙa, ni ke rubuta musu amsa. Wannan kaɗai ya isa ya kumbura wa yarinya kai. Ga ni da baki, ga gajen haƙuri. In mutum ya fara magana yana jan ta, ni nake ƙarasa masa.

Iyayena sun baro ƙauyensu a ƙasar Kano da ƙafa, da niyyar hajji, tun ina ciki. A hanya aka haife ni. Suka yada zango a Sudan, mahaifina yana aikin gonar auduga, zangon da ya cinye shekara goma sha takwas. Daga baya muka tsallako teku muka sauke farali, shekara biyu da zuwanmu Allah ya yi masa rasuwa. Muka rage mu biyu a ɗaki ɗaya na katako da kwano, wanda in rana ta take sai ka rantse a tanda aka saka ka. Mahaifiyata tana wankau, ni kuma ina zuwa gidan wata Balarabiya ina koya wa 'ya'yanta mata karatu. Takarda kuwa ba mu da ita, ko ta zama ko ta tafiya.

Abu ɗaya mahaifiyata take so a duniya: ta koma gida ta ga tsohuwarta, wadda muka ji tana nan da rai. Ba ta taɓa zaunar da ni ta faɗa ba. Amma duk shekara in alhazai suka fara ɗaure kaya, manyan motoci suna ɗibar su zuwa Jidda, sai cin abincinta ya ragu, ta riƙa tsayuwa a bakin lungu da bahon wanki a ka, tana kallo kamar an ce za a kira sunanta.

To a wannan shekarar, bayan an sauko daga Mina da kwana biyu, sai ga wani mutumin garinsu da saƙo. Wai yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin alhazan bana. Ya yi ta cigiya har an kwatanta masa inda muke. Zai zo ranar Alhamis bayan la'asar, don Asabar za a kwashe su.

Mahaifiyata ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai kama gefen zanenta tana murzawa har mutumin ya fita.

Ni kuwa na san labarin wannan kawu. Shi ne ya tsaya a gaban jama'a ranar da za su taso, ya ce wa mahaifina: "Za ka kai ta uwa duniya ka bar ta tana bara." Mahaifina ya riƙe maganar nan har kabari. Saboda haka da na ɗaga kai na dubi ɗakinmu, tabarma guda mai ɓulallen tsakiya, tukwane biyu, igiyar shanya ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa da kayan mutane a kai, sai na ji jinina ya hau.

Na ce, "Inna, a nan za mu sauke shi?"

Ta ce, "A ina kike so mu sauke shi, a Harami?"

"Aƙalla a gyara wurin. A samo shimfiɗa, a yi wani abu na a-zo-a-gani."

Ta dube ni. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, sai dai "ke". Ta ce, "Ke, kar ki taɓa komai a ɗakin nan. Ki bar shi yadda yake. Kunun tsamiya zan dama masa, shi ya sani. Yaya yana da ido."

Na ce, "Idon nasa nake gudu ai."

Ta juya ta koma kan wankinta. Ni kuma na ɗauki maganar tata a matsayin sakaci irin na tsofaffi, wai tawakkali. Lissafina daban ne. Na ce a raina, in ana so mutum ya ɗauke ka da daraja, ka tare shi da daraja. Wa zai yi alfahari da kai ƙanwa gida daga cikin tsumma? Na ga kamar ni ce mai ilimi, ita kuwa ba ta san duniya ba.

A gidan Balarabiyar da nake aiki, in an yi baƙi, akwai abin da ake fara fito musu da shi tare da shayi kafin abinci. Na sha tsayawa a kicin ina kallo. Ba shi da wuya ko kaɗan. Jibna ce, farin cukun nan mai gishiri da ake sayarwa cikin gwangwani. Za ka jiƙa ta, kana sauya ruwa har gishirin ya fita, ka marmashe ta, ka fasa ƙwai, ka zuba na'ana'a da ɗan habbatus sauda. Ka murza ƙullin fulawa siriri, ka shimfiɗa a siniya, wato faffaɗan tiren nan, ka baza jibnar, ka rufe da wani ƙullin, ka shafe da man shanu, ka yayyanka tun kafin a gasa. Shi ke nan. Sai furun, tandar mai burodi ta unguwa, inda kowa ke kai nasa tiren. Abu ne na masu hali, amma ba don wuyarsa ba, don dai talaka ba ya cin abin da ba ya riƙe ciki.

Ranar Alhamis, mahaifiyata ta dama kununta tun da safe ta rufe, ta ɗauki wankin da ta goge ta tafi raba wa masu shi a unguwar Misfala. Ta ce za ta dawo bayan azahar. Ƙafarta na fita, na faɗa gidan ƙawata. Su 'yan Cadi ne, babanta yana da ɗan shagon yadi, gidansu akwai rufin asiri.

Na ce, "Ara min dardumarku ta falo, da matasan nan huɗu, da kofunan shayi na tangaran. Da siniya."

Ta ce, "Ikon Allah. Sarki ne zai zo?"

"Kawuna ne."

"To kawu ai ɗan gida ne. Tabarma ta ishe shi."

"Ba ni dardumar, ki riƙe wa'azin."

"Inna ta sani?"

"Za ta sani in ta gani."

Ta yi dariya ta ce, "Wallahi ke, ranar da za a yi miki tambayar kabari ma sai kin ce a yi sauri." Amma ta ba ni. Har labule ta ƙara min, ta taya ni ɗauka.

Na kwance igiyar shanya. Na tattara sauran wankin mutane, da baho, da sabulu, da tabarmarmu, na tura su kusurwa na ja labule a kai. Ƙwaryar kunun ma can na kai ta. Ruwan da mai ruwa ya kawo mana na kwana biyu, rabinsa a jiƙon jibna ya tafi, don ba ni da lokacin da zan bar ta ta jiƙu a hankali. Sai sauyawa nake ina ɗanɗanawa ina tsaki. Na murza ƙulli da kwalba, gumi yana ɗiga daga haɓata. Na ɗora siniya a ka, na ratsa cunkoson alhazai zuwa furun.

Mai furun ɗin Bayamale ne, ya saba ganina da burodi ɗaya a hannu. Ya ɗaga mayafin siniyar ya ce, "Masha Allah! Yau biki ne a gidan takari?" Haka suke kiran irinmu da muka zo daga ƙasashen baƙar fata.

Na ce, "Gasa kawai. In ka ƙona gefe, ni da kai ne."

Bai ƙona ba. Ta fito ja-ja-ja, tana ƙyalli, habbatus sauda a warwatse a kai, ƙamshin man shanu yana bin mutane. A hanyar dawowa har wata tsohuwa ta tsayar da ni tana tambaya ko na sayarwa ne. Ban taɓa jin kaina sama kamar ranar ba.

Mahaifiyata ta makara. Sai dab da la'asar ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta dubi darduma, ta dubi matasai, ta dubi labule, ta dubi siniya. Ina jiran ta ce sannu da aiki.

Ta ce, a hankali, "Wa ya aike ki?"

Na fara bayani, ni mai bayani. Ban kai ko'ina ba muka ji sallama a waje. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Sai ta cire ɗayan takalmin, ta gyara mayafinta, ta ja shi ya rufe hannuwanta, waɗanda sabulu ya farfasa har suna fitar da jini a tsakanin yatsu. Tun daga nan har suka tafi ba ta sake fito da su ba.

Kawu dogo ne, gemunsa fari fat, kamarsu ɗaya da ita har tsagar gefen fuska. Ba shi kaɗai ya zo ba, ya taho da abokan tafiyarsa biyu, dattawan garinsu. Aka gaisa irin gaisuwar da ba ta ƙarewa. Ina gajiya, yaya ibada, yaya bayan rabuwa. Ya yi mata ta'aziyyar mahaifina, aka shafa fatiha. Ta tambayi tsohuwa, ya ce tana nan, ido ne dai ya tafi, amma kunne garau. Ta tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wane ya rasu, wance ta rasu, wane yana nan. Duk wannan lokacin idonsa yana yawo a ɗakin. Ni kuma ina lura, ina jin daɗi.

Na zuba shayi, na tura siniya tsakiya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ɗauki yanka guda ya jujjuya, ya shinshina.

"Wannan kuma fa? Waina ce ta Larabawa?"

Na ce, "Cuku ne a ciki, Baba."

"Cuku? Irin na Buzaye, mai karya haƙori?" Ya gatsa. Ya tauna. Sai ya ce wa ɗayan dattijon, "Alhaji, miƙo hannu tun kafin in yi abin kunya. Wallahi ko hakiminmu bai taɓa sa wannan a baka ba."

Aka yi dariya. Suka ci, suka ƙara. Kawu ya ci yanka huɗu, ina ƙirgawa. Ya shafa dardumar da tafin hannu, ya jingina da matashi, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Yau na sauke kayan da na ɗauko tun daga gida."

Mahaifiyata ta ce, "Wane kaya, Yaya?"

"Mutane ba su da tsoron Allah. Labarin da ya iso mana shi ne wai wankau kike yi, wai a ɗakin kwano kuke kamar kaji, ba ci ba sha. Tsohuwa ta kwana uku ba ta runtsa ba. Ta kama hannuna ta ce, in haka ne, kar ka dawo min sai da ita. Har na yi magana da jagoranmu, ya ce in dai halin ƙunci ne, akwai yadda za a yi muku takarda ku bi mu, ke da yarinya."

Na ajiye kofin da ke hannuna.

Ya ci gaba. "Amma ga shi na gani da idona. Ɗakin dai ƙarami ne, to Makka ce, kowa a matse yake. Ga shimfiɗa, ga abinci irin na manya, ga yarinya ta yi ilimi. In ɗauke ki daga maƙwabtakar Ɗakin Allah in mayar da ke ga surfe da jan guga? Ai sai Allah ya tambaye ni." Ya sunkuyar da kai. "Kuma Malam, Allah ya jiƙansa, na faɗa masa magana ranar da za ku taso. Ashe ni ne ban yi daidai ba. Allah ya yafe min."

Dattawan suka ce amin. Sai ya juyo gare ta kai tsaye.

"Ko kuwa akwai abin da ke damunki? Faɗa min."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce. Amma ku duba inda na ajiye ta. In ta ce akwai, to dardumar nan ta wace ce? Ta tabbata ta tari yayanta da kayan aro ta yi masa ƙarya, a gaban dattawa biyu da za su kai labarin kowane zaure a garin. Kuma ta karɓe wa mijinta wankin sunan da aka yi masa yanzun nan, shekara ashirin da biyu yana jiransa. Mace irin mahaifiyata ba ta roƙo, ko a wurin ɗan'uwa. Abin da take iya yi shi ne ta bar shi ya gani, ya faɗa da bakinsa, ita kuma ta ce to. Wannan ne kawai hanyar da take da ita, kuma ita ce na ja wa labule.

Ta ce, "Babu komai, Yaya. Malam bai bar mu cikin wahala ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ji babban yatsan ƙafarta a kan nawa, ta danna har ƙashi. Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ke, ƙaro musu shayi."

Na tashi na ƙaro shayi. Kuma tunda na ce zan faɗi abin nan, bari in faɗe shi duka. Ba yatsanta kaɗai ya rufe min baki ba. Ni da ba a taɓa danne ni na dannu ba? A can ƙasan raina akwai wani wuri da ya ji sanyi. Ban san ƙauyen nan ba. Ban taɓa jan guga ba. Ina tsoron in je in zama baƙuwa mai Hausa a karkace, ana nuna ni. Da ya ce ba za a tafi ba, wani abu a cikina ya ce alhamdulillahi. Na daɗe ban yarda da wannan ba, ko ni da kaina.

Suka tashi gab da magariba. Ya kawo mata kuka da daddawa da ɗan ƙullin gero daga gonar gidansu. Ta ba shi dabino da turare ya kai wa tsohuwa, ni na miƙa masa, don kar ta fito da hannu. A bakin lungu ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin riƙe uwarki." Na ce amin.

Da muka koma ciki na ce, "Inna, gobe zan je masaukinsu in faɗa masa gaskiya."

Ta ce, "Ki ce masa me? Ƙanwarsa maƙaryaciya ce, ko abin da ya faɗa wa ubanki ya tabbata? Wanne za ki fara da shi?"

"To sai ki zauna a nan har abada saboda darduma?"

"Naɗe musu kayansu ki mayar. Kar ki bari maiƙo ya taɓa."

Ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka naɗe. Na ɗaga labule, ga kunun nan ya yi sanyi ya tsinke. Yanka biyu suka rage a siniya. Ta zauna a tabarmarmu, ta ɗauki ɗaya da farfasassun yatsunta, ta ci a hankali har ta gama. Ta ce, "Gishirin ya fita daidai. Kin iya." Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Ranar Juma'a na wuni ina kai-kawo. In sa mayafi, in cire. Ni da ban taɓa kwana da magana a ciki ba, ranar na ce bari in ga gobe. Asabar da hantsi na fita ban gaya mata ba, na je gidan da aka sauke su. Na tarar ana share ɗakuna, an tara tabarmi a tsakar gida. Mai gadin ya ce an kwashe su tun bayan asuba. Na tsaya a titi ina kallon motocin wasu alhazan. Ba ni da takardar da zan wuce shingen hanyar Jidda.

Ban faɗa mata na je ba. Ina jin ta sani, don ranar ba ta tambaye ni inda na fito ba.

Na rubuta wasiƙa daga baya, sau biyu, ta hana a aika. Shekara na zagayowa wasiƙarsa ta zo da alhazai. Ni na karanta mata, tunda aikina ne. Tsohuwa ta rasu da damina. Ya ce ta cika da kwanciyar rai, kullum tana gaya wa masu zuwa gaishe ta cewa 'yarta tana Makka cikin daula, har cuku ake gasa mata da man shanu. Na kai wurin nan sai na dakata da karatun. Mahaifiyata ta ce, "Karanta mana, ke da ba kya son jan magana." Na ƙarasa. Sannan ta ce, "To. Ko wannan ma wani abu ne." Ta tashi ta koma kan bahonta.

Daga wannan shekarar ba ta sake tsayuwa a bakin lungu ba in ana kwasar alhazai. Kuma ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko cikin faɗa, alhali mun yi faɗa da yawa bayan nan, don halina bai canja a rana ɗaya ba. Na so a ce ta goranta min ko sau ɗaya ne, in samu abin da zan ba da haƙuri a kai. Ba ta ba ni wannan ba.

Ban ce na zama mai haƙuri ba, waɗanda suka san ni za su ƙaryata. Abin da na gane kawai shi ne, in babba ya ce bar abu yadda yake bai faɗi dalili ba, sau da yawa dalilin ne ba ya faɗuwa. Na yi karatun da zan karanta wa unguwa guda wasiƙunsu, amma magana huɗu ta uwata, a ɗaki ɗaya muke kwana, ban iya karanta ta ba.

Ta rasu shekara huɗu bayan zuwan kawu. Aka yi mata salla a Harami, aka binne ta a nan Makka. Duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya yake faɗa: ta dace, ta dace, mutane nawa ke roƙon Allah ya ba su wannan ƙasar su kwanta. Ina cewa haka ne. Kuma haka ɗin ne, ban musa ba. Ni dai na san inda ta so ta kwanta.